Ƙyallen Da Bai Koma Gida Ba, Kada A Kira Shi Furoshiki



A 'yan watannin nan wata baƙuwar kalma ta shiga bakin masu shirya kayan biki a zangonninmu, daga Akra har Kumasi. Kalmar ita ce furoshiki. Da ita ake tallar wani salon naɗe kyauta a cikin ƙyalle, ana cewa al'adar Japanawa ce, kuma tana kare muhalli. Mun daɗe muna jin ta muna yin shiru, domin ba kowace sabuwar yayi ce ta cancanci a ɓata mata tawada ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da idonmu ya gani.

Makonni kaɗan da suka wuce aka kai kayan wani aure a unguwarmu. Ba za mu ambaci gida ba, domin abin da aka yi a can ana yin irinsa a wurare da yawa. Kowace kyauta an naɗe ta da wani siririn ƙyalle mai sheƙi, an ƙulla masa kunnuwa kamar na zomo, an liƙa masa furen roba da gam, sannan aka sake lulluɓe shi da leda garai-garai don kada ya yi ƙura, aka manne da salatif. Mai aikin ta karɓi ladanta har da ƙari, saboda wai wannan naɗi ne na zamani da ba ya ɓata ƙasa. Jama'a suka yaba, aka ɗauki hotuna. Washegari da hantsi muka bi ta bayan gidan, sai ga ƙyallayen nan jibge a bakin kwata tare da ledojinsu. An yanke ƙullin da almakashi saboda ba wanda ya iya kwance shi, gam kuma ya cinye tsakiyar kowane ƙyalle, ko tsumman goge tebur ba zai yi ba. Kwatar nan ita ce muke haɗa matasa su yashe kafin kowace damina, kuma mun san abin da ake tonowa daga cikinta.

Saboda haka muna cewa, da babbar murya, abin da aka sayar wa mutanen gidan nan ba furoshiki ba ne. An ari sunan, an bar al'adar a can inda take. Kuma tunda an jingina cinikin ga Japanawa, adalci ne mu je mu dubi yadda su masu abin suke yi.

Naɗe kaya a ƙyalle tsohon abu ne a Japan. A birnin Nara akwai wata taska da ake kira Shosoin, a harabar haikalin Todaiji, inda aka ajiye kayan Sarki Shomu tun shekara ta 756, kuma har yau akwai ƙyallayen naɗe kaya na wancan zamani a cikinta. A lokacin ba a kiransu furoshiki. Sunan ya zo daga baya, daga kalmomi biyu: furo, wato wanka, da shiki, wato shimfiɗawa. Ana ba da labarin cewa shugaban mayaƙa Ashikaga Yoshimitsu ya gina ɗakin wanka a gidansa na Kiyoto, manyan baƙinsa kuma suka riƙa ƙunshe tufafinsu a ƙyalle mai tambarin zuriyarsu don kada kayan wani ya cakuɗe da na wani, in sun fito su shimfiɗa shi su tsaya a kai su sa kaya. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, gidajen wanka na haya suka yawaita a birane, talaka ma ya riƙa zuwa da nasa ƙunshin, sunan ya bi gari. Daga nan ƙyallen ya fita daga gidan wanka ya shiga kasuwa. Fatake suka riƙa goya hajarsu da shi, ɗalibi ya ɗaure littattafansa, mai tafiya ya ƙulle guzurinsa. Birnin Edo gari ne da gobara ta addaba, har ana cewa mutane kan kwana da babban ƙyalle a ƙarƙashin shimfiɗa, in an yi kururuwar wuta su tattara abin da ya samu su ƙulle su fita.

A lura da wannan tarihi da kyau. Babu inda ƙyallen ya fara a matsayin ado. Kayan aiki ne na yau da gobe, kamar yadda ƙwarya take a hannun matar karkara. Akwai wani zane da ya shahara a kansa, kore da farin reshe mai murɗewa, ana kiransa karakusa. Ya yi yawa a gidaje har ya zama alamar ɓarawo a zanen barkwancinsu: wai ɓarawo kan shigo hannu rabbana, ya buɗe adaka ya zaro ƙyallen masu gida, ya ƙunshe kayansu a ciki ya saɓa. Abin dariya ne, amma yana nuna cewa ƙyallen yana zaune a gida shekara da shekaru, har ɓarawo ya san inda zai same shi.

Yanzu ga wurin da masu tallarmu suka tsallake, kuma shi ne zuciyar maganar. A ladabin Japanawa na asali, idan mutum ya kai ziyara da kyauta, ƙyallen nasa ne, ba ya cikin kyautar. Yakan ɗauko ƙunshin a hannu, in an zauna an gaisa sai ya kwance da kansa, ya fito da kyautar, ya juya fuskarta wajen mai gida, ya miƙa da hannu biyu, ya ninke ƙyallensa ya koma da shi. Aikin ƙyallen shi ne ya tsare kyautar daga ƙurar hanya da idon mutane, ya kuma nuna cewa an ɗauko ta da girmamawa. Miƙa ta a ƙunshe, a tsohon ladabi, kamar miƙa wa mutum ƙurar hanya ne. Haka suke yi da wani ƙaramin ƙyalle da ake kira fukusa, wanda ake sa ambulan ɗin kuɗin gudummawar aure ko na ta'aziyya a ciki: ana zare ambulan a miƙa, ƙyallen ya koma aljihu. Suna da ƙa'idar launi, mai haske don farin ciki, mai duhu don makoki, launin shunayya kuma yana shiga duka biyun, shi ya sa mai ƙyalle ɗaya tak yakan zaɓi shunayya ya yi shekaru da shi. Naɗin da suka fi ɗauka da daraja ma, hira-zutsumi, ba shi da ƙulli ko ɗaya, ninki ne kawai. Gaskiya ne a yau akwai Japanawan da ke ba da kyauta har da ƙyallen, kantuna kuma suna ƙarfafa hakan tunda ciniki ne. Amma ko a nan, ƙyalle ne mai kauri, mai kalmasa a baki, wanda wanda aka ba zai kwance ya ci gaba da aiki da shi. Ba a sa masa gam. Ba a kai masa almakashi.

Girmansa ma ba na ganin dama ba ne. Akwai na wajen santimita 45 zuwa 50 don ƙaramin akwati ko abincin rana, akwai na wajen 70 wanda aka fi kai kyauta da shi, akwai na 90 da ke ɗaukar kwalabe biyu ko kankana guda, har a samu mariƙi a sama. Na alfarma alharini ne, irin saƙar chirimen ta yankin Tango da ke lardin Kiyoto. Na aiki kuwa auduga ce. Dukan hikimar ta rataya ne a kan ƙulli ɗaya, ma-musubi: ka ɗora bakin dama a kan na hagu ka zura, sannan ka ɗora na hagu a kan na dama ka zura. Ba ya zamewa in an ɗauki nauyi, in kuma ka ja baki ɗaya baya ya miƙe, sai ya zare cikin sauƙi. Wanda ya ƙulla shi daidai ba ya bukatar salatif, wanda ya karɓa ba ya bukatar wuƙa. Duk mai naɗin da ta kawo miki ƙunshin da sai an yanka, 'yar'uwa, ba ta koyi darasin farko ba.

To me ya sa komawar ƙyallen ta zama ita ce komai? Saboda lissafi. Mutane suna zaton da zarar an ce ƙyalle an tsira daga laifi, da zarar an ce leda an faɗa cikinsa. Abin bai kai nan sauƙi ba. Auduga tana shan ruwa da taki da maganin ƙwari kafin ta zama zare, masaƙa tana cin wuta, rini yana ɓata ruwa, jirgi yana ƙona mai kafin yadi ya iso Tema. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2011 wanda ya nuna cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi siririyar ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya sauƙin illa ta fuskar ɗumamar yanayi. Sau 131. Ƙyallen naɗi bai kai jaka nauyi ba, saboda haka adadinsa zai yi ƙasa da wannan, amma hukuncin bai sauya ba: ƙyallen da aka yi aiki da shi sau ɗaya aka jefar ya fi takardar da ya maye gurbinta ɓarna. Balle wanda aka ƙara masa leda a sama. Mutanen gidan bikin nan sun biya kuɗi sau biyu, sun zubar da shara sau biyu, an kuma sallame su da yabon cewa sun taimaki duniya. Wannan shi ne ganin kitse ga rogo.

Kada wani ya ce laifin na yadin roba ne, a koma alharini ko shadda a huta. A 2006 ministar muhallin Japan ta lokacin, Yuriko Koike, wadda ta zama gwamnar Tokiyo a 2016, ta fito da wani ƙyalle don farfaɗo da al'adar, ta sa masa suna Mottainai Furoshiki. Da zaren da aka sarrafa daga tsofaffin gorunan roba aka saƙa shi, aka buga masa zanen tsuntsaye da furanni na Ito Jakuchu, mai zanen zamanin Edo. Ma'aikatarta ta kuma wallafa takarda mai hotuna tana koya wa jama'a hanyoyin ƙulli. Ga shi yadin roba ne, amma an yi shi don ya yi shekaru a jaka. Kalmar mottainai kuwa tana nufin takaicin da mutum ke ji in ya ga an wulaƙanta abin da bai gama amfani ba. Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta ji kalmar a ziyararta Japan a 2005, ta ɗauke ta ta yi ta yaɗawa a tarurrukan duniya. Mu da muka zauna gaban malam ba mu bukatar tafinta a nan. Tun muna riƙe da allo aka tsoratar da mu game da almubazzaranci, har ruwan alwala aka hana mu zubarwa fiye da kima.

Amma fa ba mu zo yi wa Japan kirari ba, kuma duk wanda ya nuna muku ita a matsayin ƙasar da ta gama da leda bai gaya muku gaskiya ba. Su ma sun saki ƙyallen. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da manyan kantuna suka bunƙasa, jakar takarda da leda suka kore shi, ya koma kayan tsofaffi. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya sa Japan ta biyu a duniya, bayan Amurka, wajen yawan sharar robar naɗe kaya da kowane mutum ke zubarwa. Ƙasa ce da ake naɗe biskit ɗaya-ɗaya a leda, a jera a faranti na roba, a sa a kwali, a naɗe kwalin a takarda, a zura a jaka. A lokutan kyautarsu biyu na shekara, ochugen a tsakiyar bazara da oseibo a Disamba, yawancin kayan kanti ne ke aikawa a kwali, ba mai kyautar ke ɗaukowa a ƙyalle ba. Sai a ranar 1 ga Yuli 2020, shekara goma sha huɗu bayan ƙyallen minista, aka tilasta wa kantuna su riƙa karɓar kuɗin leda. Wato kyakkyawan zane da jawabi ba su isa ba, sai da aka taɓa aljihu. Japanawa suna da wata magana, in mutum ya cika baki sai su ce ya shimfiɗa babban furoshiki, ma'ana ƙyallen ya fi kayan da ke ciki. Masu tallarmu sun shimfiɗa babba ƙwarai.

Yanzu bari mu juyo ga ɗaya ɓangaren, domin akwai su, kuma da yawansu sa'o'inmu ne da muke zama da su a zaure. Su cewa suke yi duk wannan shirme ne na 'yan boko da masu waya, kwaikwayon baƙi ne, a bar mutane da ledarsu. Muna girmama furfurarsu, amma muna tambayarsu: ledar ta gadon wa ce? A gaban idonmu ta shigo. Mu da muka haura hamsin mun yi wayo mun tarar da iyayenmu mata suna ƙulle kuɗi a bakin zane, suna ƙunshe kayan unguwa a ɗankwali, suna rufe ƙwarya da faifai. Mun ga malami ya naɗe littafinsa a ƙyalle kafin ya zura a gafaka, takardun da ba ɗinki suka yi shekara ɗari ba su watse ba. Kakannin da suka kafa zangonnin nan goro ya kawo da yawansu, kuma a huhu suka ɗauke shi, an shimfiɗe shi da ganyen fita, ana yayyafa ruwa ana sauya ganye, daga Salaga har Kano, tafiyar watanni, ya isa da ɗanyensa. Mutanen da suka iya wannan ba za a koya musu ƙunshi daga waje ba. Idan akwai baƙo a cikin wannan magana, leda ce, wadda mutanen nan ke kira roba, ita ce ta zo jiya ta kori 'yan gida. Wanda ya kare ta da sunan al'ada ya kama reshe ya saki uwar itace.

Kuma mun san farashinta, ba a takarda ba. Mahautanmu sun san abin da suke cirowa daga tumbin saniya da akuyar da ta yi kiwo a bola. Mutanen Akra ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ruwa ya cika gari, magudanai suka toshe, wuta ta tashi a gidan man da ke dandalin Kwame Nkrumah inda jama'a suka fake, mutum fiye da 150 suka rasu. Ba leda kaɗai ta jawo wannan ba, akwai gini a kan hanyar ruwa da sakacin hukuma, amma duk wanda ya leƙa kogin Odaw ko babbar kwatar Nima ya san rabonta a ciki. Kuma in ruwa ya tashi, unguwanninmu ne a gaba, domin a kwari aka ba kakanninmu masauki a garuruwa da dama, kuma mu ne hukuma ke tunawa da mu a ƙarshe.

Akwai hujja guda da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma wata dattijuwa ce ta jefe mu da ita, ba za mu ɓoye ta ba. Ta ce: ku maza kuna da saukin baki. A garin nan, mace ta kai wa ƙawarta kyauta, ta kwance ƙyalle ta ninke ta sa a jaka ta tafi? Kafin ta kai gida an sa mata suna marowaciya. Gaskiya ta faɗa. Bakin mutane ya fi ruwan sama ban tsoro, kuma mun sha ganin ƙaramar magana irin wannan ta girma har ta iso gaban manya a zaure. Amma mun tuna mata abin da ita da kanta take yi kowace sallah. In ta aika wa maƙwabta tuwo, kwanon kyauta ne? Langar da ta zuba miya, da tiren, da ƙyallen da ta rufe, duk suna dawowa, an wanke, kuma ba su dawowa haka nan: akwai tukuici ga yaron da ya kai, wani lokaci da ɗan goro ko sabulu a ciki. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rowa. Wadda ta riƙe kwanon mutane ita ake zargi. Japanawa ma suna da irin wannan, suna kiransa o-utsuri: in an kawo musu abu a mazubi, sukan sa ɗan abu kaɗan, kamar ashana ko farar takarda, su mayar. Ashe dokar tana hannunmu tuntuni. Abin da ya rage shi ne a sa ƙyallen naɗi a sahun kwano, a cire shi daga sahun takarda. Kuma wannan ba aikin amarya ba ne ko ƙaramar yarinya, wadda za a yi wa dariya. Aikin manyan mata ne, uwayen biki da shugabannin ƙungiyoyin mata, waɗanda in sun yi abu sau biyu ya zama yayi. In Hajiya ta kwance ƙyallenta a gaban jama'a ta ninke, wa zai ce mata marowaciya?

Dattijuwar ta ƙara da cewa wanki da gugar ƙyallayen nan a kan mata zai faɗa, ba a kanmu ba. Wannan ma gaskiya ne, ba mu da amsar da ta wuce mu ce ƙulli ba ya bukatar zama mace, kuma yaron da ya iya ɗaure akuya zai iya koyonsa a yini ɗaya.

Mun kuma yarda ƙyalle yana da iyaka. Ba ya ɗaukar koko, ba ya ɗaukar ɗanyen nama ko man ja, kuma mai sayar da ruwan leda a bakin titi ba ita ta ƙirƙiro talaucin da ya sa famfo ba ya kawo ruwa ba. Babbar sharar da ke toshe mana kwata daga masana'antu take fitowa, kuma doka ce kaɗai ke iya taka musu birki. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi a 2017 da tara mai tsanani, 'yan'uwanmu na Kamaru sun ga tasu dokar a 2014, na Njamena kuma sun ga yadda aka matsa a 2010. Su za su fi mu bayanin inda dokar ta kama da inda ta zame. Duk wanda ya ce muku naɗe turare a ƙyalle zai hana ambaliya, shi ma ya shimfiɗa babban furoshiki. Amma kyauta daban take da cefane. Ba a yin ta cikin gaggawa, ba ta jiƙa, kuma a nan ne mutum yake da cikakken zaɓi. Wanda ya kasa barin leda a wurin da barinta ya fi sauƙi, da wane baki zai nemi gwamnati ta hana ta a wurin da ya fi wuya?

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a ce ana shigo da sabon ƙyalle daga waje don wannan aiki, a ƙasar da yadi ya yi wa katutu. Kasuwar Kantamanto kaɗai tana karɓar gwanjon tufafi miliyoyi kowane mako, kuma kaso mai yawa a bola da bakin teku yake ƙarewa. Kowane tela a zango yana share guntayen atamfa da shadda kowace yamma. Kowace uwa tana da zannuwan anko a ƙasan akwati waɗanda aka ɗaura sau ɗaya. Yadi ɗaya na atamfa ya isa a fitar da ƙyalle mai santimita 90, a kalmashe bakinsa, kuɗin ɗinkin bai kai na furen roba da gam ba. In ana so a yi koyi da iyayen gidan Kiyoto, a sa wa tela ya ɗinka harafin sunan gida a kusurwa ɗaya, don ya san hanyar komawa. Masu sana'ar naɗi kuma ba mu ce a kashe musu kasuwa ba, 'ya'yanmu ne, neman halali suke yi. Su koyi ƙullin na gaskiya, su ajiye gam, su riƙa ba da hayar ƙyallaye masu kyau kamar yadda ake ba da hayar kujeru da rumfa, a ƙirga a kai, a ƙirga a dawo. Za su ci riba a kan ƙyalle ɗaya sau hamsin maimakon sau ɗaya. In kuwa sun fi son su ci gaba da abin da suke yi, to su kira shi da sunansa, ado na yini ɗaya, su bar Japanawa da muhalli su huta.

Ga iyayen da ke shirin kai kaya bayan sallah, in mai naɗi ta zo da hotuna a waya, ku tambaye ta ko ana kwance ƙullin da hannu, ku ce ta kwance ɗaya a gabanku. Ku tambaye ta ina ƙyallen zai kwana bayan biki.

Gayyar yashe kwata ta bana tana nan ranar Asabar bayan sallar asuba, daga bakin masallaci zuwa gada. Masu shebur da baro su zo da su. Ƙyallayen bikin nan suna nan inda aka zubar da su, ruwan makon jiya ya tura su ƙarƙashin kwalbati, sai an sa ƙugiya.